Koyon Tuƙi da Ceto a Gulbin Maradi: Rajistar Aikin Damina

Mu tara ne. Huɗu masunta ne daga tafkin Madarumfa, biyar kuma masu lambu a bakin gulbi, waɗanda in ruwa ya zo sai sun tsallaka kafin su kai gonakinsu. Abin da muka sa gaba shi ne kafin ƙarshen damina kowa ya iya tuƙa kwale-kwale a ruwa mai gudu, ya kuma iya fitar da wanda ruwa ya ɗauka ba tare da ya zama na biyu ba. Duk kuɗin da ke ƙasa sefa ne, jika ɗaya dubu ɗaya. Inda aka ce "sama" ana nufin wajen da ruwa ke fitowa, wato kudu.

Asabar, 14 ga Yuni

Gulbi a bushe yake, yashi kawai. Mun taka cikinsa da ƙafa, tsawon kilomita uku, kudu da birni ta wajen hanyar Madarumfa, muna rubuta duk abin da ruwa zai rufe. Ba a fafe gora ranar tafiya, kuma in ruwa ya zo ja-wur ba wanda zai ga abin da ke ƙarƙashi.

Mun samu ramuka uku na masu ɗibar yashi, mafi zurfi ya shanye mutum a tsaye har da hannu a ɗage. Akwai gawo guda da ya faɗi daga gacin yamma, saiwarsa a tudu, rassansa a cikin kwari daidai inda gulbin ya yi kwana. Akwai shingen ƙaya da waya na lambuna biyu da suka sauko har ƙasa, sai wata 'yar gadar siminti ta amalanke mai bututu huɗu a ƙarƙashinta.

An kafa ma'auni: ƙarfe mita biyu da rabi, an binne gindinsa da siminti, an yi masa zanen fenti fari da ja kowane santimita goma. Ƙarfe, siminti da fenti, jika 9.

Asabar, 21 ga Yuni

Jirgin na katako ne, mita shida, mai shimfiɗaɗɗen gindi irin na tafki. Kafinta ya sauya katako biyu da suka ruɓe, ya toshe haɗin da auduga da kwalta. Katako 14, ƙusa da kwalta 6, aikinsa 15.

Jirgin katako in ya cika da ruwa ba lalle ya nutse ba, amma yana kwanciya daidai da fuskar ruwa, ba ya ɗaukar kowa. Don haka mun ɗaure bido, wato jarka, guda shida masu lita 25 a ƙarƙashin kujeru, babu komai a cikinsu, murafe a matse da leda. Lita ɗaya ta iska tana ɗaga kilo ɗaya, shida kenan wajen kilo 150. Ɗaurin shi ne magana: bidon da aka ɗaure sako-sako yana fita ta gefe ya yi ta lilo, jirgin na ƙasa. Kowanne an yi masa zagaye biyu, an datse sauran igiyar. Ba a bar wata igiya mai reto a cikin jirgi ba, domin in ya kife ita ce ke naɗe ƙafa. Bido jika ɗaya da rabi kowanne, igiyar ɗauri 2. Filafili huɗu, 10.

Asabar, 28 ga Yuni

Gwajin rigunan ruwa a tafki. Tara muka saya 'yan gwanjo, jika 7 kowace ɗaya, kuma uku asara ce. Biyu sosonsu ya mutu, in ka matsa da yatsa ba ya dawowa, wanda ya sa ta ruwa ya kai masa leɓe. Ta ukun sosonta lafiya amma maɗaurin ciki ya tsinke da ja ɗaya.

Masu kyau suna da lamba a ciki, 50 N ko 100 N. Ta 50 tana taimakon wanda ya iya iyo ne kawai, ƙarfin ɗagawarta kusan kilo biyar. Ta 100 mai wuya a baya ta fi ɗaga kai. Gwajin da ya fi lamba: mutum ya ɗaure rigar, wani ya kama kafaɗunta ya ja sama. In ta taho har kunne, ruwa zai tuɓe masa ita. An sayi sabbi uku, jika 12 kowace.

Masunta sun yi ta dariyar rigar, su da gora suka saba. Gora tana da kyau a tafki, sai dai riƙe ta ake yi, wanda kuwa jirgi ya buge shi a kai ba ya riƙe komai.

An kuma tuna wa kowa batun tsargiya. Ruwan kwance ne, duk wanda ya ga jini a fitsari ya je asibiti, maganinta na nan.

Asabar, 5 ga Yuli

Igiyar jifa. Mita 60 ta polipropilen, kauri milimita 10, dala 50 (sefa 250) mita ɗaya, an yanka uku. Ita ke yawo a saman ruwa, ta nailan nutsewa take ta maƙale a itace. Tela ya ɗinka jakunkuna uku da guntun soso a gindi, jika 3. Ana cusa igiyar a jaka ne hannu-hannu, ba a naɗe ta, in an naɗe tana fita a dunƙule. Usur tara da wuƙaƙe uku, 5.

Jifa arba'in kowa, a kan yashi. Mai jifa ya riƙe bakin igiya, ya jefa jakar ta wuce kan mutumin, sannan ya zauna ya kafe diddige tun kafin nauyi ya zo. Ba a naɗa igiya a hannu, ba a ɗaura ta a ƙugu ko wuyan hannun kowa. Wanda aka ɗaure a ruwa mai gudu, da igiyar ta miƙe ruwa zai danna shi ƙasa ya riƙe. Usur ɗaya: tsaya ka duba. Uku: mutum a ruwa.

Laraba, 9 ga Yuli

Ruwa ya iso da hantsi, alhali ko ɗigo bai sauka a Maradi ba jiya.

Wannan ne halin gulbin da ya kamata kowa ya haddace. Daga ƙasar Katsina yake tasowa, ya bi ta madatsar Jibiya, ya shigo Nijar ta Nyelwa, ya wuce Madarumfa da Maradi da Tibiri da Gidan Rumji, sannan ya koma Nijeriya ya haɗu da gulbin Rima. Hadarin da ke cika shi ba a kanmu yake haɗuwa ba. Duban sama a nan bai gaya maka komai.

Ba mu shiga ba. Ruwan farko shi ke share kwarin shekara guda: kara, ƙaya, leda, mushe, kwalabe, macizai. Ma'auni ya nuna santimita 45 da azahar. Mun shirya da mutum biyu a ƙauyukan sama, duk lokacin da suka ga ruwa na hawa su buga waya. Katin waya, 4.

Asabar, 12 ga Yuli

Ma'auni 55. Mun auna mita 20 a gaci, muka jefa guntun kara a tsakiya: daƙiƙa 16, wato mita ɗaya da kwata a daƙiƙa. A ido ba wani abu ba ne, amma ruwa iya gwiwa ya kayar da mutum biyu. Ƙarfin turin ruwa ba daidai da gudunsa yake ƙaruwa ba. In gudu ya ninka biyu, turi ya ninka huɗu.

Tsallaka da ƙafa: fuska sama, sanda a gaba ta zama ƙafa ta uku, a ɗaga abu ɗaya a lokaci ɗaya. Yashin gulbi yana zarewa a ƙarƙashin tafin ƙafa in ka daɗe a tsaye, sai ka ji kana nutsewa har idon sawu. Kada a tsaya shawara a tsakiya.

Wanda ruwa ya ɗauka ya kwanta rigingine, ƙafafu gaba suna kallon ƙasa, yatsu a saman ruwa, yana jan ruwa da hannu zuwa gaci. Ba ya miƙewa tsaye sai ya ji bayansa ya taɓa yashi. Miƙewa a ruwa mai gudu ita ke sa ƙafa shiga tsakanin saiwoyi, ruwa ya tura jiki gaba, fuska ta kife. Kowa ya yi sau biyar, masu igiya biyu a ƙasa.

Asabar, 19 ga Yuli

Ma'auni 80. An kawo jirgi a amalanke. Ranar farko ta tuƙi, kuma masunta ne suka fi shan wuya, abin da ba mu zata ba.

A tafki mutum a tsaye yake tuƙi da gwangwala, ya nufi inda za shi kai tsaye. A gulbi duka biyun kuskure ne. In ka nufi tsallake kai tsaye ka ba ruwa gefen jirgi gaba ɗaya, ya tafi da kai. Abin yi shi ne hancin jirgi ya kalli sama, a karkata shi kaɗan zuwa gacin da ake so, kada ya wuce rabin kusurwa, wato digiri 45, ruwa mai ƙarfi ma ƙasa da haka. Ana tuƙi gaba, ruwan da ke bugun gefen hanci shi ke tura jirgi a hankali ya tsallaka. In hanci ya buɗe da yawa, ruwa ya fizge shi ya juya, sai a bar shi ya juya a sake daga ƙasa, kada a yi kokawa.

Gwangwala kuwa in ta kafe a yashi a gefen ƙasa, jirgi ya hau kanta, ko ta karye ko ta jefa mai ita. Sau biyu hakan ta faru. Daga yau gwangwala a bakin gaci kawai, a tsakiya filafili, kowa a durƙushe.

Inda ruwa mai gudu ya haɗu da mai komowa a bayan kwana akwai layi, ana ganinsa da kumfa da 'yan kara suna juyi. Ƙetare shi sai da gudu, kuma a jingina jirgi cikin kwanar da ake yi. Dokar dai ɗaya ce ko'ina: gefen da ruwa ke bugu a ɗaga shi. In ya nutsa ko da ɗan yatsa ne, ruwa ya hau ya cika jirgin.

Tsohon sarkin ruwa da ya zo kallo ya ce, "Samari, tafki yana jiran mutum ya gyara kuskure, gulbi ba ya jira." Aka ce, "Gaskiya ne, Baba," aka koma yashe ruwa.

Asabar, 26 ga Yuli

Ma'auni 70. Tsallaka goma sha biyu, tara sun sauka inda aka nufa. Haɗin gaba na yoyo kaɗan, an ƙara kwalta.

Asabar, 2 ga Agusta

Jirgi ya kife a gawon nan. Mutum uku a ciki, duk sun fita, ɗaya da yanka a cinya.

Ma'auni 105 lokacin da aka tashi, kara ya yi mita 20 a daƙiƙa 10. An tsara tsallaka ne mita 60 sama da itacen, tazarar da ta isa ranar 26 ga Yuli. Yau ruwa ya fi sauri, tazarar ba ta isa ba. Hanci ya buɗe a tsakiya, jirgi ya juya, kafin a daidaita shi ruwa ya kai su kwanar. A kowace kwana ruwa mafi ƙarfi gefen waje na kwanar yake bi, nan yake cin gaci, nan itatuwa ke faɗawa. Wato inda ruwa ke kai ka shi ne inda itacen yake.

Jirgin ya bugi reshe da gefe. Duk ukun suka kauce wa ƙaya, suka jingina sama. Jiki ne ke yin haka da kansa, kuma shi ne abin da ya kifar da su: gefen sama ya nutse, ruwa ya cika jirgi cikin ƙiftawar ido ya manna shi a itacen. Da sun jingina kan reshen, da gindin jirgi ruwa zai buga, su samu lokacin hawa itacen.

Biyu ruwa ya fitar da su ta bayan rassa, igiya ta same su a ƙasa, jifa na farko ya kuskure, na biyu ya kama. Na ukun ya ga ba zai kauce ba, ya juya rub-da-ciki, kai gaba, ya yi iyo da ƙarfi ya ɗora ƙirji a kan reshe ya haye. Wannan ne wuri ɗaya tak da ake barin kwanciyar rigingine. Wanda ya je wa itace da ƙafa gaba, ƙafafun ke shiga ƙarƙashi, itace ya tace ruwa ya riƙe mutum kamar rariya. Waya ce ta yanke shi, wadda ruwa ya kwaso daga shingen lambu ya naɗe a reshen. Ranar 14 ga Yuni babu ita.

Kurakuranmu: mun auna gudu muka ga ya ƙaru, ba mu matsa wurin tashi sama ba. Mai igiya na farko ya tsaya kusa da itacen maimakon ƙasa da shi. Mun san da gawon tun rani, sare shi aikin yini ɗaya ne da izinin ma'aikatan gandun daji da mai lambu, muka ce sai an samu sarari.

An wanke raunin da ruwa mai tsabta da sabulu, an kai shi asibiti, an yi ɗinki da allurar tetanus.

Litinin, 4 ga Agusta

Mun bar jirgin kwana biyu. Jan jirgin da ruwa ya manna da ƙarfin hannu ɓata lokaci ne, nauyin da ke kansa ya fi na mutum tara nesa. Yau ma'auni 50. An ɗaura igiyar rijiya mai kauri a hanci, ba igiyar jifa ba, aka ja ta wajen sama a karkace don ruwan ciki ya zube, ba kai tsaye zuwa gaci ba. Ba wanda ya tsaya a layin igiyar, in ta tsinke bulala ce. Katako uku sun tsage, kujera ɗaya ta karye, bido shida duk suna nan. Gyara 28, filafili biyu da suka tafi 5.

Asabar, 9 ga Agusta

Jirgi na wurin kafinta. An zauna kan dokoki.

Masu wasan tuƙi a duniya suna raba ruwa mataki shida, daga na ɗaya mai sauƙi zuwa na shida da ake ganin ba a bi. Kogin Zambezi a ƙasan gangaren Biktoriya, cikin kwazazzabon Batoka, yana da wurare na mataki na biyar, haka ma Farin Nilu a wajen Jinja ta Uganda. Waɗannan duwatsu ne ke yin taguwarsu, dutse kuwa yana nan inda yake, mai jagora ya san kowanne da sunansa. Da wannan ma'aunin gulbinmu ba zai wuce na biyu ba yawancin kwanaki, kuma lambar yaudara ce. Namu haɗarin itace ne da waya da siminti, ƙasan kuwa yashi ne mai tafiya.

An ga misali da yamma. A miƙaƙƙen wuri ruwa ya tayar da taguwa jere guda shida, suna tsaye wuri ɗaya, suna girma, har suna matsawa sama kaɗan-kaɗan, sai suka fashe gaba ɗaya wuri ya kwanta, bayan 'yan mintoci suka sake tashi. Yashin ƙasa ne ke tara tudu yana rushewa. Alama ce ta ruwa mai sauri marar zurfi sosai, kuma jirgi buɗaɗɗe in ya shiga da gefe zai sha ruwa.

Doka: ƙasa da 60, horon ƙafa da iyo. Daga 60 zuwa 100, jirgi. Sama da 100, ba a shiga, da mun ce 120 mun rage. In ruwa ya hau santimita 10 cikin kwata na awa, ko aka fara ganin ɗanyen ganye da sabon kara suna wucewa, kowa ya fito. Ba a tashi sai masu igiya biyu sun tsaya a ƙasa. Ba shiga bayan la'asar sakaliya.

Laraba, 13 ga Agusta

Ma'auni 95, ruwa ya rufe 'yar gadar siminti yana zubowa ta bayanta. Faɗuwar ba ta kai rabin mita ba, yara ma raina ta suke. Mun jefa bido rabi da ruwa daga sama. Ya gangara, ya nutse, ya ɓullo mita biyu a ƙasa, sai ruwan sama ya komo da shi gindin simintin ya sake nutsar da shi. Minti goma sha ɗaya yana wannan zagayen kafin ya fita ta gefe.

Ruwan da ya faɗo yana nutsawa ƙasa, na sama ya komo ya cike gurbin. Da yake simintin miƙaƙƙe ne daga gaci zuwa gaci, babu ƙofar fita. Farin kumfa kuma rabinsa iska ce, riga ba ta ɗaga mutum sosai a ciki, filafili bai kama komai. Ta sama ma bututun na zuƙa. Ba a bi ta nan da jirgi ko yaya ruwa yake, ba a kuma kusanto ta daga ƙasa da jirgi don ceto, domin tana jan jirgin ciki. Ceto daga gaci ne da igiya ko doguwar gwangwala. An kafa jan ƙyalle mita 150 a sama, wurin fita.

Asabar, 16 ga Agusta

Wata ma'aikaciyar jinya ta koya mana taimakon farko a kan tabarma. Wanda aka fitar ba ya numfashi: a kwantar da shi rigingine, a ɗaga haɓa, hura biyar baki da baki, sannan danna ƙirji 30 hura 2, danna 100 zuwa 120 a minti, zurfin santimita 5 zuwa 6 ga babba. Wani ya kira 'yan kwana-kwana a lamba 18. Ta hana abin da duk muka taso muna gani, a kife mutum ana danna ciki wai ruwa ya fito. Abin da ke fitowa daga tumbi ne, yana iya komawa huhu, lokacin hura kuma na wucewa. Ko ya farfaɗo yana magana, asibiti.

Asabar, 23 ga Agusta

Ma'auni 140. Jifa a tudu kawai.

Asabar, 30 ga Agusta

Ma'auni ya nutse ranar Alhamis, yau kansa ya ɓullo a karkace. Ruwa ya shiga lambuna, wanda ke nufin kowane shinge da kowace bishiyar mangwaro ta zama rariya. Ba horo. Mun raba igiyoyi uku a mashigai uku, mutum uku-uku, aikin hana yara da masu jakuna shiga. Ba sai an yi wa kowa dogon bayani ba, ruwan ƙarshen Agustan 2024 da ya ci rayuka a cikin birni bai bar zukata ba, tsofaffi kuma har yau suna ba da labarin ambaliyar 1945 da ta sa aka tayar da tsohon gari daga kwari zuwa tudu.

Asabar, 13 ga Satumba

Ruwa ya ja. Mun sake taka gaci da takardar 14 ga Yuni a hannu, rabinta ba ta da amfani. Ramukan yashi biyu sun cike, wani sabo ya buɗe a gindin gadar siminti. Gawon ya matsa mita 40 ya kwanta a tsakiya. Babban ruwa ya koma gefen gabas. Yashi ya taru santimita 30 a gindin ma'auni, wato duk lambobin dokarmu sun tashi aiki sai an sake kafa shi an sake auna gudu. Gacin yamma ruwa ya ci ƙarƙashinsa, saman na nan kamar lafiya, wani yanki ya rufta muna kallo. Mai igiya ya tsaya aƙalla mita biyu daga baki.

Jimillar kuɗi zuwa yau, har da amalanke 12, jika 236.

Bakwai cikin tara suna tsallaka su sauka inda aka nufa sau uku a jere. Biyu sai sun ƙara, kuma a jifa har yanzu mutum huɗu ne kawai ke kama da na farko.

Na gaba: sabon ma'auni a jikin simintin gadar, inda ba ya motsi. Takardar izinin sare gawon kafin Nuwamba. Hulunan kwano uku na masu shiga jirgi, ba na babur ba, waɗannan suna cika da ruwa su yi nauyi. Igiyoyin a wanke su, a shanya a inuwa, rana na cin polipropilen. Asabar mai zuwa tafki, horon kifar da jirgi da gangan da sake hawa.